Fuska Ta Cikin Igiyar Tangaraho: Tarihin Kyamarar Intanet Daga Kambirij Zuwa Bacirawa

Mai karatu, yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya a gefe, mu waiwayi wani abu da ya faru a gaban idonmu, amma har ya fara zama tatsuniya a kunnen yaranmu. Ina nufin zamanin da ake jona 'yar kyamara a jikin kwamfuta, a jona kwamfutar da layin tangaraho, domin mutum ya ga fuskar ɗan'uwansa da ke wata ƙasa. Wanda ya buɗe ido ya tarar da kiran bidiyo a wayar hannu zai ɗauka haka duniya take tun fil azal. To ba haka ba ne. Akwai lokacin da ganin fuskar wanda ya yi nisa sai an yi shiri, an shiga mota, an nemi alfarma, sannan an yi haƙuri. Mu da muka tashi a Bacirawa, arewa da birnin Kano, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa suke manne da gidaje, mun fi kowa sanin wannan, domin igiyar da abin ke bi ba ta taɓa shigowa gidajenmu ba.

Kafin kyamara

Bahaushe matafiyi ne tun asali. Fatake sun yi Gwanja, almajirai sun yi gabas, alhazan da kuwa a ƙasa suke ratsa Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru kafin su dawo, wasu kuma can suka zauna har suka yi jikoki. Duk wanda ya tafi, abin da ke dawowa gida daga gare shi saƙon baka ne ko wasiƙa, ta ajami ko ta boko. Da kaset ya yawaita, sai ya zama wasiƙar waɗanda ba su yi karatu ba. A tara iyali a tsakar gida, a danna rikoda, kowa ya yi gaisuwa ya faɗi abin da ke ransa, a ba wani alhaji ya kai Makka ko Jidda. Bayan aikin Hajji amsa ta dawo, wani lokacin da hoto guda a cikin ambulan. Wannan hoton shi ne fuskar mutum har shekara ta zagayo.

Tangaraho kuwa yana nan, amma na 'yan ƙalilan ne. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan waya a ƙasar baki ɗaya ba su kai 19,000 ba. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa 2000 layukan da ke aiki wajen 400,000 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A Kano, lambar da ta fara da 064 alama ce ta ofis, ko kamfani, ko gidan mai hali. Ina so mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Butar gahawa

Kyamarar intanet ta farko ba don zumunci aka yi ta ba. A 1991, a sashen kwamfuta na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, masu bincike suna da butar gahawa guda ɗaya da suke tarayya a kanta. Mutum zai taso daga wani bene, ya zo ya tarar an shanye. Sai biyu daga cikinsu, Quentin Stafford-Fraser da Paul Jardetzky, suka saita kyamara tana kallon butar, suka rubuta manhajar da ke nuna hotonta a kwamfutar kowa. Hoton ƙarami ne, fari da baƙi, yana sabuntawa kamar sau uku a minti guda. A watan Nuwamba na 1993 aka ɗora shi a intanet, mutane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa leƙawa don su ga ko akwai gahawa a butar da ba za su taɓa sha ba.

A daidai wannan tsakanin, a 1992, Jami'ar Cornell ta Amurka ta fitar da wata manhaja mai suna CU-SeeMe, wadda mutum biyu za su ga juna ta kwamfuta. Da farko ma hoto ne zalla, babu murya. A 1994 kuma kamfanin Connectix ya fito da QuickCam, 'yar kyamara mai kama da ƙwayar ido, a kan dala 100 ko kusa da haka. Ita ce ta shigar da abin gidajen talakawan Turai da Amurka. Faɗin hotonta ɗigo 320 ne, tsawonsa 240, babu launi. Kamfanin Logitech ya saye ta a 1998, kuma yawancin kyamarorin da muka fara gani a Kano irin wannan ƙirar ce, ana ɗora su a kan talabijin ɗin kwamfuta kamar kurciya a kan katanga.

An kashe kyamarar butar gahawa ranar 22 ga Agusta, 2001. A cikin wannan watan ne kuma wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Wato lokacin da abin ya tsufa a wurinsu, mu a lokacin muke ɗaura ɗamara.

Yadda ake haɗa ta

Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet a 1996, kuma hanyar da ake shiga a lokacin ita ce layin tangaraho. Abubuwa huɗu ake bukata: kwamfuta, layin waya, wata na'ura da ake kira modem, da rajista a wurin kamfanin intanet, wanda zai ba ka lambar waya da suna da kalmar sirri. Za ka zare igiya daga jikin tangaraho ka soka a modem, ka danna. Sai kwamfutar ta buga lambar kamar yadda mutum ke bugawa, can kuma wata na'urar ta ɗauka. Daga nan ka ji ƙara da tsuwa da shuuu, kamar an matse ɗan tsako a cikin rediyo. Gaisawa suke yi, suna auna lafiyar layin domin su daidaita a kan saurin da za su yi magana. Idan ƙarar ta ɗauke, ka shiga. Muddin kana ciki, duk wanda ya bugo gidan zai ji layi a cike, kuma idan wani ya ɗaga kan wayar a ɗaya ɗakin, zance ya lalace.

Ita kuwa kyamarar, da faifanta take zuwa. Sai an saka faifan an loda manhajar da ke gabatar da ita ga kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba, sannan a soka igiyarta. Wanda ya sayi ta hannu babu faifai, ya sayi ado.

To amma fa a nan gizo ke saƙar. Layin tangaraho don muryar ɗan Adam aka yi shi, hanya ce siririya. Modem mafi sauri a wancan zamani yana karɓo kilobit 56 a daƙiƙa, amma wajen turawa yawanci iyakarsa 33.6, kuma mai kyamara turawa yake yi. Idan aka lissafa, kilobait 4 ke nan a daƙiƙa guda, shi ma idan layin lafiyayye ne, babu tsatsa a mahaɗa, ruwan sama bai jiƙa igiya ba. Hoto ɗaya mai ɗigo 320 da 240, ko an matse shi, yakan kai kilobait 10 zuwa 15. Ka ga hoto guda zai ci daƙiƙa uku. Alhali fim ɗin da muke kallo a sinima hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, shi ya sa ido yake ganin motsi. Hoton da 'yarka za ta ɗauka yau da waya, mai nauyin megabait 3, da a wancan layin ne sai ya haura minti 12 yana tafiya.

Saboda haka aka koyi dabaru. A rage hoton zuwa ɗigo 160 da 120, ya koma kamar kan sarki. A zauna a gaban bango wanda ba shi da zane, domin hoto mai tarkace ya fi nauyi. A fuskanci taga ko ƙwai, kada a juya musu baya, domin waɗannan kyamarori ba su iya duhu ba, kuma fatar baƙin mutum a ɗaki marar haske inuwa kawai take fitowa, sai fararen idanu da hula. Sannan a rage motsi. Wanda ya ɗaga hannu da sauri, can sai a ga hannun ya zama hayaƙi.

Akwai kuma wata matsalar. Duk lokacin da ka buga ka shiga, sabon adireshi kamfanin yake ara wa kwamfutarka, saboda haka wanda ke neman ka bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Hanya biyu aka bi. Ta farko, a sa manhaja ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan rabin minti ko minti guda, tana aika shi wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira uwar garke, sabo yana danne tsoho, mai kallo kuma can zai je ya gani. Ta biyu ita ce wadda ta karɓu a wurinmu, wato Yahoo Messenger, wadda ta ƙara kyamara a cikin ayyukanta a 2001. Kowa ya shiga da sunansa, kamfanin ya haɗa ku, ka nemi izinin gani, ɗan'uwanka ya amince, sai 'yar taga ta buɗe.

Wanda ba shi da layi

Duk wannan bayani na wanda yake da layi ne. Mutumin Bacirawa, da na sauran garuruwan Ungogo da kewaye, sai dai ya ɗauki fuskarsa ya kai birni. Ni hanyar da na san kwamfuta ita ce sana'ata. A wancan lokaci mu marubuta da biro muke rubuta littafi a takardun makaranta, mu kai shagon buga takardu a buga mana, mu kai maɗaba'a, sannan mu kai wa 'yan kasuwar littafi a Sabon Gari. Zaman jiran gyaran shafi shi ya koya mini danna madannai, har mutanen gida suka ɗauke ni masani.

A 2002 wannan suna ya jawo mini aiki. Ɗan goggona na fari yana ɗinki a Jidda, ya shekara shida bai zo ba. Ya aiko cewa akwai shago kusa da su mai kyamara, idan za a sami irinta a Kano. Wani ɗan kasuwa a Fagge da muke mutunci da shi yana da layi da kwamfuta a falonsa, ya ce mu zo ranar Juma'a bayan La'asar. Sai da muka lissafa cewa Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Goggo ta yi wanka ta sa turare, ta ɗauko atamfar da ta ajiye don biki. Na ce, "Goggo, ai ba zai ji ƙanshin ba." Ta ce, "Ɗan nan, baƙo zan gani."

Sau uku muna bugawa kafin mu shiga. Da tagar ta buɗe, baƙa ce ƙirin, can sai ga rabin hula, can sai ga fuska. Mai karatu ya san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma ƙura masa ido a gaban mutane. Goggo ta kawar da kai tana kallon labule, amma da wutsiyar ido tana can. Muka gwada haɗawa da murya, sai hoton ya daskare, muryar kuma ta riƙa zuwa gutsi-gutsi. Alhaji mai gidan ya ce, "Hajiya, layin ba zai ɗauki biyu ba. Ko dai ki ji shi, ko ki gan shi." Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce muryarsa tana da ita a kaset har guda biyar, a bar mata fuskar.

Haka aka yi. Tana faɗa ina rubutawa, shi ma yana rubuto amsa ina karanta mata. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ka ce wa yaron ya rame." Ya rubuto cewa kyamara ce. Ta ce a gaya masa ya buɗe baki ta gani ko haƙorin makan da ake faɗa gaskiya ne. Muka jira daƙiƙa kusan biyar, sai ga dariyarsa ta iso, ta tsaya cak a kan gilashi. Ba mu cika minti ashirin ba layin ya yanke, muka yi ta bugawa bai sake shiga ba. A mota ba ta ce komai ba har muka wuce Kurna. Da muka isa gida, mata suka cika ɗakinta, ta kwana uku tana ba da labari. Shekara biyu bayan haka Allah Ya yi mata rasuwa, kuma wannan gani shi ne na ƙarshe a tsakaninsu.

Daga gida zuwa kafe

Zamanin layin tangaraho bai daɗe ba a wurinmu, domin abubuwa biyu sun taso masa. Na farko wayar salula. A Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, aka yi gwanjon lasisi, kowane a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a Agusta. Layi ya yi tsada ƙwarai da farko, kira kuma naira 50 minti guda, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Wannan ya kawo murya har cikin gona, amma bai kawo fuska ba tukuna.

Na biyu shi ne shagunan intanet, waɗanda muke kira kafe. Da yawansu sun bar igiyar waya sun kafa faranti a kan rufi, suna ɗauko intanet daga tauraron ɗan Adam, su raba wa kwamfutoci goma ko ashirin. Sun yawaita a Titin Gidan Zu, da Sabon Gari, da wajajen Jami'ar Bayero. A sayi tikitin awa guda a kan naira 100 ko kusa da haka, agogo yana ƙirgawa a gefen gilashi. Idan shagon ya cika, rabon kowa bai fi na tsohon layin ba, shi ya sa samari suke kwana a can, lokacin da hanya ta yi sauƙi. Sau da yawa kwamfuta ɗaya ko biyu ce ke da kyamara, sai an bi layi. Sai dai kafe ba falon Alhaji ba ne. Matar aure ko dattijuwa ba za ta saki jiki ta yi hira da mijinta ko ɗanta ba, alhali samari na leƙe ta kafaɗarta. Ta haka ne abin ya koma na matasa da 'yan boko, iyaye mata kuwa, waɗanda suka fi kowa bukatarsa, suka ci gaba da jira.

Mu a lokacin leƙen na kusa muke tsoro, ashe akwai na nesa. A Fabrairun 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana, daga takardun da Edward Snowden ya fitar, cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, GCHQ, ta riƙa kwasar hotuna daga kyamarorin masu amfani da Yahoo, hoto ɗaya duk minti biyar. A cikin wata shida kawai na 2008 ta taɓa fiye da mutum miliyan 1.8 a faɗin duniya. Wannan darasi bai tsufa ba, musamman ga 'yan matanmu: abin da ya bi ta igiya ko ta iska, ya bar hannunka.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauri. Kamfanoni irin su Starcomms suka kawo wayar tebur marar igiya wadda ake jona wa kwamfuta. A 2007 aka ba da lasisin 3G. A 2010 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1, waɗanda suka sauka a Legas, suka fara aiki. A Nuwamban 2016 WhatsApp ya buɗe kiran bidiyo ga kowa. NITEL kuwa an sayar da kadarorinta, Yahoo Messenger ma an rufe ta a Yulin 2018. A ƙarshe dai fuska ta iso Bacirawa, amma ta iska ta zo, daga dogayen ƙarafan da aka kafa a gefen gonaki. Igiyar da muka yi ta jira har ta mutu ba ta zo ba.

Abin da ya rage

A matsayina na marubuci, wannan sauyi ya taɓa ni ta wani gefen. Nisa jari ne a wurin mai ƙaga labari. Littattafanmu na da cike suke da saurayin da ya tafi karatu waje, da wasiƙar da kishiya ta ɓoye, da hoton da budurwa ke ajiyewa a ƙarƙashin matashi. Yau idan ka rubuta haka, mai karatu zai tambaye ka, ina wayarsa? Amma abin da ya fi damuna shi ne, wancan ɗan tsakanin, daga kaset zuwa wayar hannu, kusan ba mu rubuta shi ba. Wasiƙa tana nan a adaka, kaset yana nan ko da ya yi ƙura, hoton kyamara kuwa da tagar ta rufe ya tafi ke nan, ba wanda ya yi tunanin ajiyewa. Shagunan sun koma wuraren cike takardun jarrabawa, wasu sun zama kantin kayan masarufi. Waɗanda suka yi aiki a cikinsu suna nan da ransu a Kano, furfura ta fara fito musu, ba wanda ya zauna ya tambaye su.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta da ɗalibanmu na jami'a, a nemi mutanen nan a ji ta bakinsu tun suna tunawa. Wanda kuma yake da tsohon kaset na gaisuwa a gida, ya nemi a juye masa shi a waya kafin zaren ya tsinke. Kai kuma mai karatu, idan kana da tsohuwa a gida kuma kana nesa, abin da wata ta sa atamfar biki ta shiga mota don ta samu na minti ashirin, yau yana aljihunka. Ka kira, ka fuskanci haske yadda za ta gan ka da kyau, kada ka yi saurin kashewa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, Ya bar zumunci. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.